Wa Zai Ɗauki Baturen Shinkafa?

A unguwar Badariya ta Birnin Kebbi in ka ce kana neman Maigandi, sai an tambaye ka, wanne daga ciki? Amma in ka ce Maigandi Kuku, ko baƙon da ya sauka jiya zai nuna maka ƙofar gidan. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, da ɗan gemu kamar na bunsuru, kuma Allah ya yi shi mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. In hularka ta zame zai gyara maka ita ana tsakiyar gaisawa. Matarsa Balaraba takan ce da shisshigi sana'a ne, da tuni sun je Makka sau uku.

A Gulma aka haife shi, gidan manoman shinkafa. Yana saurayi ya bi 'yan cin rani zuwa Kumasi da niyyar rani ɗaya, sai ga shi ya kwashe shekara goma sha ɗaya. Can ya koyi girki a gidan wani Kwara ɗan Labanan, can kuma ya ga abin da bai taɓa barin zuciyarsa ba. A zango, unguwar baƙi, kowane iri da nasa wurin taruwa, Kabawa su hallara ƙofar gidan babbansu kullum bayan la'asar, a ji wa ya haihu, wa ke kwance, wa ya samu saƙo daga gida. To akwai wani mutum mai ji da kai, ba ya zuwa suna, ba ya zuwa gaisuwa, ko sannu ba ta haɗa shi da kowa. Ranar da ya mutu, mutum uku kacal aka samu a kan makara. Maigandi na wucewa da kwandon cefane aka fizgo shi ya zama na huɗu, bai ma san sunan mamacin ba sai a maƙabarta.

Tun daga ranar ya yanke wa kansa hukunci: baƙo a ƙasar wasu, in bai riƙe 'yan'uwansa baƙi ba, to ya shirya wulaƙanta ranar da ta Allah ta kasance. Da aka kori baƙi daga Gana ya dawo gida da akwatin ƙarfe ɗaya, da wuƙaƙen girki, da wannan hukunci.

A zamanin da muke magana, Birnin Kebbi na ƙarƙashin Jihar Sakkwato, kuɗin man fetur ya kwararo, baƙi daga ƙasashen waje sun cika makarantu da asibitoci. Ga Indiyawa masu koyar da lissafi, ga likitoci Misirawa, ga Pakistanawa, ga Turawa jefi-jefi. Shekara ta tamanin da biyu Maigandi ya samu aiki wurin wani ɗan ƙasar Filifin da ma'aikatar gona ta kawo, Mista Dizon. Siriri ne, ɗan ƙarami, ya ba hamsin baya, ba shi da iyali tare da shi. Ba fari ba ne can, amma tunda daga jirgin sama ya sauko kuma ba abin da ya sani sai shinkafa, mutane suka sa masa Baturen Shinkafa.

Maigandi bai taɓa samun maigida mai sauƙin kai irinsa ba. Ba ya tsawa, ba ya ƙirga tsokar nama, tuwon shinkafa da miyar kifi yake ci da hannu har ya suɗe. Da sassafe zai kifa malafa ya kama hanyar fadamar Gulma, ya shiga taɓo har gwiwa tare da manoma. Wata shida ya iya Hausa, amma irin ta bakin fadama, har da ashar ɗin da ake yi wa tsuntsaye masu cin shinkafa. Ranar Lahadi kuwa, manoman ke biyo shi gida, a shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiya a yi ta dara ana gardamar iri.

Abin da ya hana Maigandi sakat ke nan.

Don shi ya yi bincikensa. Kukun baƙi duk a rumfar masu kifi suke haɗuwa, kuma kuku ba ya riƙe sirrin gida ko na minti biyar. Nan ya ji cewa Misirawa kullum suna tare bayan la'asar, suna shan shayi suna ihu har ka ɗauka dambe za a yi. Pakistanawa duk Juma'a bayan an sauko. Turawan nan biyu, ƙarshen wata sukan tafi kulob a Sakkwato su dawo da jajayen idanu. Indiyawa kowace Lahadi. Sa'an nan Lahadin farko ta kowane wata, duk wani mai fasfo yakan hallara a Argungu, gidan wani tsohon malamin lissafi Ba'indiye, Mista Menon. Maigandi ya samu gawayi ya ja wa kowane iri layinsa a bangon kicin, duk taron da ya ji labari ya ɗiga. Layin Misirawa har ya zagaya bayan murhu. Layin maigidansa ɗigo ɗaya ne tak, na watan da ya iso, kuma ko a ranar bai yi awa huɗu ba ya dawo.

"Maigida, gobe fa Lahadin farko ce," in ji Maigandi wata Asabar, yana riƙe da kwat da ya goge har tana ƙyalli.

"To, Allah ya kai mu," in ji Dizon, bai ko ɗaga kai daga kwanon irin da yake tsincewa ba.

Washegari Maigandi ya gasa kek mai hawa biyu, ya lulluɓe da farin ƙyalle, ya ɗora a kujerar mota yadda ba za a ce ba a gani ba. Dizon ya gani, ya yi murna ƙwarai, ya ɗauko ya yanka wa manoman Gulma. Maigandi na tsaye a taga yana kallon kek ɗin ƙwai goma sha biyu na shiga bakin mutanen da ke cewa burodin nan ya cika zaƙi. A ranar, da ya koma gida, ko tuwo bai iya ci ba.

"Wai kai mi ad daminka?" in ji Balaraba. "Mutum na zaune lahiya, shina cin abinci, shina biyanka. Ɗanka ne?"

"Ke ba ki gane ba. In wanga bawan Allah ya faɗi ya mutu, wa ka ɗaukar shi? Mu ba mu san yadda su ka yi da gawassu ba. Nasa kuwa ya watsar da su. A hannuna shike, Balaraba. Ni za a tambaya."

"Mutumin da ka shiga ruwa tun asuba shi hito ko atishawa babu? Kai za ka riga shi, da wanga baƙin naci naka."

Maigandi bai kula ta ba, domin ya riga ya gano bakin zaren. Mutum ba ya zuwa wuri sau ɗaya ya ɗauke ƙafa haka siddan. Lalle a zuwan nan an yi cacar baki, maigida ya faɗi wata magana, aka ƙulla gaba. Gaba kuwa ya san maganinta, don ya ga yadda ake yi a zango: a samu dattijo, a sayi goro, a je wurin sarkin mutanen a durƙusa. Waye sarkin baƙi? Wannan ai ba sai an tambaya ba. Wanda ake taruwa a gidansa, wanda ya fi kowa furfura da tumbi.

Ya je ya samu Malam Abdussamadu, limamin masallacin unguwarsu, dattijo mai sanyin hali wanda sulhu ke yi wa daɗi fiye da nama. Malam ya saurara, ya shafa gemu, ya ce gaba ko tsakanin waɗanda ba Musulmi ba abin ƙi ce. Lahadin farkon wata mai zuwa suka sa manyan riguna, suka ɗauki goro fari ƙal a ganye, suka shiga motar Argungu. Maigandi ya ce wa maigida zai je duba wata gwaggonsa.

Sun isa da hantsi, motoci shida na ƙofar gida. Mista Menon na zaune a baranda cikin baƙinsa, ana shan shayi. Shekararsa goma sha takwas a ƙasar, yana jin Hausa sarai, sai dai yana yi yana kaɗa kai. Ya ga dattawa biyu sun tuɓe takalma tun daga bakin ƙofa, sun zo sun durƙusa gabansa sun ajiye ƙunshi, sai ya miƙe a firgice har shayi ya zube masa a zane.

"Ranka shi daɗe," in ji Maigandi, kansa a ƙasa, "ni ne kukun Mista Dizon na Birnin Kebbi. Wanga limaminmu ne. Mun taho roƙon arziki. Duk abin da ya yi muku, ku dubi Allah ku yahe mishi."

"Dizon? Me ya yi mana?"

Maigandi ya saci kallon Malam. Ka ji manya, ba su faɗin laifi a bainar jama'a.

"Mun sani ba za ka hwaɗi ba, girma ne. Amma ranka shi daɗe, kowa mai mutuwa ne. Mutumin ga ba shi da kowa nan sai ku. In ta Allah ta kasance, wa za ya wanke shi? Wa za ya ɗauke shi? Ina za mu kai shi?"

Malam Abdussamadu ya ƙara da cewa rai baƙon duniya ne a wurin kowa, kuma abin da ake yi yau ba a barin shi sai gobe. Ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a, Maigandi na amin, amin, da hawaye na gaske a idonsa.

To kai ma ka sa kanka a matsayin Menon. Kuku ya yi tafiyar mil talatin, ya ɗauko liman, ya zo yana kuka yana tambayar inda za a binne maigidansa. Wane mai hankali ne zai ce mutumin lafiyarsa ƙalau? Menon ya juya ya yi wa baƙinsa bayani da Turanci, wuri ya kaure. Matarsa ta dafe ƙirji ta ruga kicin ta juye miya a kula. Wani likita Bamisire, Dokta Fahmi, ya ɗauko jakarsa yana faɗa da kowa don me ba a gaya masa tun da wuri ba. Kafin Maigandi ya gama sa takalmi an cusa shi da Malam a bayan wata Fijo. Yana ganin motoci shida sun jeru a hanya, sai ya raɗa wa Malam cewa bai taɓa ganin goron da ya ci da sauri irin wannan ba.

Suka iso gidan da azahar, suka yi cirko-cirko. Ga mara lafiyar can ƙarƙashin darbejiya, daga shi sai gajeren wando da singileti, bakinsa dumu-dumu da man kifi, yana yi wa wani manomi ihu wai ya saci ɗan dara. Dokta Fahmi bai tsaya tambaya ba, ya kama shi ya kwantar a tabarma, ya leƙa ido, ya danna ciki, ya sa abin sauraro a ƙirji. Ya daɗe yana nema. Daga ƙarshe ya miƙe a fusace ya ce wannan mutumin ya fi shi lafiya.

Sai kowa ya juyo ya dubi Maigandi.

Da aka warware zance, dariya ta kusa kashe Menon, har sai da aka ba shi kujera. Amma ka san malaman makaranta, ba a ajiye musu tambaya su bar ta. Menon ya share hawaye ya ce, to amma fa kukun ya yi tambaya mai ma'ana, in abin ya faru ya za a yi? Shi dai a wurinsu ƙonawa ake yi. Maigandi ya ce, "Subhanallahi!" Dokta Fahmi ya ce ƙonawa a ina, a nan garin? Wani Bature injiniya ya ce a sa shi a ƙanƙara a tura Manila, babban birnin ƙasarsu. Wani Bapakistane ya tambaya wace ƙanƙara, da wutar da ake ɗaukewa kwana uku? Aka yi ta yi, hannuwa na tashi, kowa na jan gawa zuwa nasa ɓangaren, gawar kuwa na zaune a tsakiya tana shan miyar matar Menon da cokali.

Bayan la'asar suka watse. Dizon ya shigo kicin ya tarar da Maigandi na wanke kofuna goma sha bakwai, ya ƙi juyowa. Ya tsaya ya daɗe yana kallon layukan gawayin nan a bango, aka yi masa bayani a daƙile.

"Ba wanda ya ɓata mini rai, Maigandi," in ji shi. "Mutanen kirki ne. Na je sau ɗaya. Daga zafi sai sauro, daga sauro sai saura kwana nawa a tafi hutu. Kowa yana ƙirga ranar komawa gida. Ni matata ta rasu shekara biyu kafin in zo, ba mu haihu ba, gidan na rufe shi na ba ƙanwata makulli. Me zan ƙirga? In na zauna cikinsu sai in ji kewar da ba na ji a fadama."

Maigandi ya ajiye kofi. Tausayi ya kama shi ƙwarai, amma tausayi bai taɓa sa shi ya saki magana ba.

"Allah shi jiƙan rai. Amma duk da haka, Maigida, wa za ya ɗauke ka?"

"Kai ba za ka ɗauke ni ba?"

"Ni ɗaya? Akwati kusurwa huɗu gare shi."

Dizon ya yi dariya har ya dafa bango, sa'an nan ya ce ya ji, ya yarda. Daga ranar, duk Lahadin farkon wata sai ya sa kwat ya tafi Argungu, Maigandi a gefensa rungume da kek, don ya daina yarda da a bar su su biyu, kek da maigida. Dizon ya zauna ya sha shayi, ya yarda cewa lalle ana zafi, ya yarda sauron bana ya fi na bara. Maigandi na bayan gida wurin kuku 'yan'uwansa, yana leƙowa. In ya ga maigida ya fara duban agogo sai ya yi gyaran murya. Shekara huɗu ana haka, har Maigandi ya yi ƙiba don kwanciyar hankali.

Sai darajar naira ta faɗi, albashin baƙi ya zama ba ya kai su ko'ina. Turawa suka fara tafiya, Misirawa suka bi, Pakistanawa suka sayar da firji da fanka suka wuce. Duk wanda ya zo sallama, Maigandi sai ya ɗaure fuska kamar shi aka yi wa. Menon ne na ƙarshe, a tamanin da tara. Ya rungume Maigandi a tasha ya ce masa ya yafe, ya riƙe amanar Dizon. Maigandi ya dawo ya sa maigida a gaba, ya ce to yanzu sai ya tattara ya koma ƙasarsu tun yana tafiya da ƙafarsa. Dizon ya ce akwai wani iri mai jure ambaliya da yake gwadawa, bari a ga damina biyu tukuna.

Bai ga ta biyun ba. Cikin watan Agusta na shekarar casa'in zazzaɓi ya kama shi, kwana biyar a asibiti, ranar Talata da hantsi ya cika, hannunsa cikin na Maigandi.

Abin da Maigandi ya shekara takwas yana tsoro ya zo, kuma ya zo daidai yadda ya ce. Aka buga wa ƙanwar mamacin waya, ta amsa cewa a binne shi inda ya so. Maigandi ya nemi cocinsu, ya tarar Fada, limamin cocin, ya yi tafiya, sai mataimakinsa, wani tsohon katikis Ibo mai dogara sanda. Tsohon ya ce zai yi karatu, kafinta zai haɗa akwati, za a haƙa rami a maƙabartarsu da ke bayan gari. Amma ruwa ya cinye hanyar, mota ba ta shiga, sai an ɗauka a kafaɗa kusan mil guda. Ranar aiki ce, mutanensa na kasuwa, kuma ba su san mamacin sosai ba. Yana da masu ɗauka?

Maigandi ya ƙirga a yatsa. Shi, direban ma'aikata, sai kafintan in ya yarda. Ya dubi yatsa na huɗu ya rasa sunan da zai ɗora masa. Ya koma gidan maigida, ya shiga ɗakin da aka ajiye akwatin, ya zauna a ƙasa ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun mutuwar uwarsa.

"Na hwaɗa maka," yake ce wa akwatin. "Ban hwaɗa maka ba? Kai da taurin kai!"

Yana cikin haka Balaraba ta leƙo ta ce ya fito ya gani. A ƙofar gida a-kori-kura uku ne suka tsaya, mutane na dirowa, ƙafafu duk taɓo, wasu ko riga ba su tsaya canjawa ba. Direban ne ya kai labari Gulma, aka bar shinkafa a ruwa aka taho. Suka yi tsaye jugum, ba wanda ya san abin da ya halatta ya yi. Duk suka zuba wa Malam Abdussamadu, da ya zo gaisuwa, ido.

Malam ya ce, "Salla dai ba tamu ba ce, wancan dattijon zai yi nasu. Amma maƙwabci ne, ya ci da mu, ya sha da mu. Ku kai shi."

Ba su san yadda ake tafiya da akwati ba, sai suka yi masa yadda suke yi wa makara. Mutum ya sa kafaɗa, ya yi taku biyar ko shida, wani ya zo ya karɓe shi, don kowa ya samu rabonsa. Akwatin ya yi ta tafiya bisa kawunan mutane cikin taɓo, da sauri, tsohon katikis na baya yana haki yana roƙo a rage gudu. Maigandi kuwa gajere ne. Ya kutsa ta dama aka ture shi, ya zagaya ta hagu wani ƙato ya riga shi. Har aka hango maƙabarta bai taɓa ko gefen katakon ba.

Nan fa ya tsaya tsakiyar hanya, hula a hannu, majina da hawaye sun haɗe, ya ƙwala ihun da sai da kowa ya waiwayo.

"Kai, ku ji tsoron Allah! Ku ba ni wuri! Baƙona ne!"

Aka buɗa masa. Dogayen suka ɗan rusuna don kafaɗarsa ta kai, ya kama kusurwar gaba ta dama, kuma daga nan har bakin rami ba wanda ya yi gigin cewa ya kawo a karɓe shi.